SAFAR BABA TORQUIL

SHAFI NA 11

Masu cika min waya da saƙo tun asuba, na gan ku. Ke kuma mai rubuto "ina ci gaban?" kamar ke kika haife ni, ki sani ni ma ina da tumaki da wanki, ba a kan wayar nan nake kwana ba. Ga shi nan, ku karanta ku bar ni in sha iska.

Waɗanda suka shigo yau, ga inda muke. Sunana Kirsteen. Ranar Asabar za a ɗaura aurena da Murdo. Asu ya cinye safar da mahaifina, Baba Torquil, yake sawa da kilt ɗinsa, zanen gargajiyar mazanmu mai tsayawa a gwiwa, wadda marigayiya Mama ta yi masa. Ya ce ba zai tsaya a coci da ƙwauri a waje ba, kuma ba zai sa wando ba ko da za a fasa auren, don shi tunda yake bai taɓa zuwa biki da wando ba. Na zaga shagunan birnin Inverness har ƙafata ta yi ruwa. Duk wadda na kawo sai ya samo mata aibi. Gida ɗaya tak ya hana ni zuwa.

Can na je.

*

Gwaggo Dolina ko ɗago kai ba ta yi ba da na shiga.

Tana zaune bakin taga, tsinkayen saƙa suna ƙas-ƙas-ƙas a hannunta, dunƙulen ulu na birgima cikin kwando. Yayar mahaifin Murdo ce, ita ta raine shi. Duk gaɓar tekun nan, daga Gairloch har inda titi ya ƙare, babu mai saƙa safar kilt kamarta. Kowa ya sani. Baba ma ya sani, shi ya sa ba a kiran sunanta a gidanmu.

"Rufe min ƙofa, iska na shigowa."

Na rufe.

"Gwaggo, ina wuni?"

"Lafiya. Amarya da kanta. Me ya faru? Murdo ya gudu ne?"

"Bai gudu ba."

"Da sauran lokaci."

 Na ajiye jakar da ke hannuna.

"Safa na zo saye."

"Ta wa?"

Na shiga gyara bakin jakar.

"Ta wa, na ce."

"Ta Baba."

Tsinkayen suka tsaya cak.

Ta leƙo ni ta saman tabarau, ta daɗe tana kallona.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a."

"Ya san kin zo?"

"Da ya sani da ya ɓoye makullin mota."

Ta taɓe baki. "Meye a jakar?"

Na zazzage mata su a kan tebur. Duk wahalar da na sha a Inverness, ga ta nan tuli guda.

Ta ɗaga fara da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera.

"Wannan fa?"

"Ya ce ta masu ba da hayar kayan biki ce. Wai shi ba hoton jikin gwangwanin biskit ba ne."

"A nan dai tsohon banzan ya yi gaskiya. Wannan?"

"Wai ta yi shara-shara, ana hango gashin ƙafa."

Ta goga ta a wuyanta, ta yi tsaki.

"Roba ce aka rina. Ko tunkiya ba ta taɓa gani ba. Dubi ɗinki a bakin yatsu, kafin a gama rawar farko ta yanka mutum. Dubi diddigen, kamar an ɗinka buhu. Wa ya sayar miki da wannan?"

"Wani yaro mai ɗan kunne."

"Allah ya shirye shi. Waccan mai ruwan toka fa? Ita ai da ɗan dama-dama."

"Ya ce ta matse shi."

"Kin ga ta matse shin?"

"Ina zan gani? Ɗaki yake shiga ya turo ƙofa, in ji shi yana nishi, sai kawai ya wurgo min ita waje. Gwaggo, na gaji. Na rantse na gaji. Rigata ba a gama rage ta ba, mai kek ta daina ɗaukar wayata, 'yan uwan Mama na tahowa daga Glasgow ban san inda zan kwantar da su ba, ni kuma ina nan ina yawon safa kamar mahaukaciya. Ki sayar min da ko wacce ce. Ga su can a rataye, na gani."

"Waɗancan da masu su."

"Duka?"

"Ni ba na saƙa wa iska safa, 'yar nan. Ƙafa nake saƙa wa. Sai na auna."

"Ya ba ni awo."

Na laluba aljihu na zaro zaren da Baba ya ba ni in riƙa nuna wa masu shago, da ƙulli a inda ya ce nan ne kaurin sha-raɓarsa.

Ta karɓa. Ta miƙe shi tsakanin hannuwanta. Ta haɗa bakin da ƙullin ya yi zobe, ta ƙura wa zoben ido.

"Wannan ba ƙafar Torquil ba ce."

"Tasa ce."

"Ba tasa ba ce."

"Gwaggo, shi ya auna da kansa."

"To turken shinge ya auna."

"Haba Gwaggo! Mutumin da rabonki da yi masa magana tun ina sa kayan makaranta, ya aka yi kika san ƙafarsa?"



Ta soke tsinkayen a jikin dunƙulen ulu. Ta dafa kujera ta miƙe. Ta ɗauki tef ɗin awo ta rataya a wuya.

"Miƙo min kwat ɗina."

"Ina za ki?"

"Gidanku."

"Gwaggo, don Allah..."

"Za ki kai ni, ko in taka da ƙafata a ce surukata ta bar ni cikin ruwa?"

*

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Tumakin wani sun bazu a kan titi, na danna hon har na gaji, suka tsaya suna kallona.

Wayata ta yi ƙara. Murdo ne.

"Amaryata, an samu safar?"

"Murdo, gwaggonka na cikin motata."



"Ina za ki kai ta?"

"Wajen Baba."

Ina jin injin jirgin ruwansa yana gurnani a bayansa.

"Kirsteen, ki ɓoye wuƙaƙen kicin."

"Ba za ka zo ba?"

"Ai ina tsakiyar teku."

"Ina hango jirginka a ɗaure a gaɓa, Murdo."

"Layin ba kyau, ba na jin ki..."

Ƙit. Ya kashe.

Gwaggo Dolina ta gyara zaman jakarta a cinya.

"Haka ubansa yake. Ki saba tun yanzu."

*

Baba na zaune a kujerarsa gaban murhu, jarida a hannu, karensa kwance a gefe. Ya ji buɗe ƙofa, bai waiwayo ba.

"In irin ta jiya kika kawo, ki ba kare ya kwanta a kai."

"Ai karen ya fi ka sanin abu mai kyau," in ji Gwaggo Dolina.

Jaridar ta sauko a hankali.

Ya kalle ta. Ya kalle ni. Fuskar nan ta murtuke kamar hadari.

"Kirsteen."

"Na'am, Baba."

"Gaya mata gidan nan ba kasuwa ba ne."

"Baba, ga ta nan a gabanka."

"Gaya mata."

Na juya. "Gwaggo, wai gidan nan..."

"Na ji shi, ni ba kurma ba ce. Gaya masa ni ma ba kyan fuskarsa ne ya kawo ni ba."

"Baba, wai ba..."

"Gaya mata ƙofar da ta shigo ba a rufe ta ba."

"Gaya masa ya miƙo ƙafa in auna in tafi, gidan nan warin kare yake."

"Gaya mata..."

"Ba zan gaya ba!"

Kare ya ɗaga kai.

"Ba zan ƙara gaya wa kowa komai ba. Ni ba gidan waya ba ce. Taku ɗaya ne tsakaninku, kowa da bakinsa."

Babu wanda ya kula ni. Gwaggo ta cire kwat ɗinta ta rataya a ƙusar da Mama take rataye nata, ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Idonta ya sauka kan jan ƙyallen da ke rataye saman murhu.

Ku bari in gaya muku labarin ƙyallen nan, don shi ne tushen duk wannan masifa.

Ina ƙarama aka yi abin. A gasar shekara ta ƙauyukanmu, inda ake kai tumaki da kek da saƙa a zaɓi gwani, Baba ya ɗauki sabuwar safarsa ya shigar da ita da sunan Mama, ko shawara bai yi da ita ba. Ta zo ta ɗaya, aka ba ta jan ƙyallen nan kyauta. Ta Gwaggo Dolina ta zo ta biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Baba ya kora wiski, ya hau kan akwati a tsakiyar rumfa, ya ce wa jama'a wai 'yar birni ta taso daga Glasgow ta koya wa Dolina saƙa, gara ta koma saƙa wa butar shayi hula.

Aka yi ta dariya.

Tun daga ranar ba su sake haɗa ido ba. Ko a jana'izar Mama, can baya ta tsaya.

"Har yanzu yana nan," in ji Gwaggo Dolina, idonta a kan ƙyallen.

Baba ya ce da ni, "Gaya mata zai ci gaba da zama."

"Baba!"

"Kuma ki gaya mata irin safar Ishbel nake so. Irin saƙar uwarki. Mai kauri, mai laushi, mai igiyoyi a gefe. In babu irinta, a bar shi. Ita kuma ba za ta iya ba, an gwada an gani."

Gwaggo Dolina ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ba zan iya ba?"

"Gaya mata haka na ce."

"Ba zan iya saƙar Ishbel ba?"

"Alƙalai sun yanke hukunci."

Ta juyo gare ni. Hancinta har rawa yake.

"'Yar nan, zo nan. Tsaya a gabana. Tambayarki zan yi."

Na matso.

"Kin taɓa ganin uwarki da tsinken saƙa?"

"Kullum da yamma."

"Me take saƙawa?"

"Mayafin wuya. Kore."

"Ta gama shi?"

Na buɗe baki.

Na rufe.

Koren mayafin nan. Tun ina rarrafe yake cikin kwandonta. Na shiga firamare yana nan. Na gama sakandare yana nan. Wani gefen faɗi, wani gefen tsukakke, ga ramuka kamar ragar kamun kifi. Har Mama ta koma ga Allah bai isa ya zagaye wuyan mage ba.

"Amma... safar fa?"

"Kin taɓa ganin safa a kan tsinkenta? Ko sau ɗaya?"

"Ta ce... ta ce in mun yi barci take yi."

"Ishbel? Da ke gyangyaɗi tun ba a kwashe kwanuka ba?"

 Na dafa tebur.

Gwaggo ta miƙe tsaye, ta nuna Baba da yatsa.

"Ni na saƙa ta, Torquil. Ita da duk wadda ka taɓa zura ƙafarka a ciki tun ranar da ka yi aure. Wadda ta ci gasa ni na saƙa. Wadda ta zo ta biyu ni na saƙa. Da kaina na kayar da kaina, ka hau akwati kana yi min haushi."



Itace ya fashe a murhu.

"Gwaggo, me ya sa?" 

"Saboda kakarki. Uwar wannan. Allah ya ji ƙanta, amma harshenta ya fi almakashi. An kawo yarinya daga birni, ba ta san kowa ba, kullum gori, wai matar da ba ta iya yi wa mijinta safa ba ai hoto ce. Na tarar da uwarki a bayan coci tana kuka. Na ce share hawayenki, auno min ƙafarsa da zare. Shi ke nan. Duk shekara lokacin kaka sai ta kawo min zare da ulu ta ƙofar baya, mu sha shayi, mu yi gulmarsa."

"Kuna shiri ke nan? Ke da Mama?"

"Duk Laraba."

"Laraba ai taron addu'ar mata take zuwa."

"To ai muna yi masa addu'ar shiriya. Ba a karɓa ba ne."

Na juya wajen Baba. Na zaci zan ga ya zabura, ko ya ƙaryata ta, ko ya kore mu duka.

Yana zaune yana ninke jaridarsa. A hankali. Gida-gida.

"To sai me?" ya ce.

"Baba, ka ji abin da ta ce kuwa?"

"Na ji."

"Shi ne za ka ce sai me?"

"Na sani ai."

Gwaggo Dolina ta koma kan kujera daɓas.

"Ka san me?"

"Na san ke ce."

Wannan karon bai ce in gaya mata ba.

"Tun yaushe?"

"Shekarar da Ishbel ta zame a ƙanƙara ta karya hannu. Hannu a ɗaure tun kaka har bazara, ko cokali ni nake riƙe mata. Ranar Kirsimeti sai ga sabuwar safa a ƙarƙashin matashina. Ni makiyayi ne, Dolina, ba jaki ba."

"Wannan ai shekara biyu ne bayan gasar!"

"Haka ne."

"Ka sani tun lokacin?"

"Na sani."

"Ka sani, ka bar tsumman nan a rataye? Ka sani, kake wuce ni a bakin coci kana ɗaga hanci kamar ka ga kashi? Ka sani, ka bar ni ina tsallaka titi in na hango ka?"

"In na sauke shi, Ishbel za ta tambaye ni dalili."

"Sai ka faɗa mata!"

"In faɗa mata me? In ce na gano ba ki iya ba? Matar da in ta miƙo min safar nan fuskarta har haske take yi?" Ya girgiza kai. "Ba da bakina ba."

"To bayan ta rasu fa? Wa ya riƙe maka baki?"

Baba ya kalli wuta.

"Ya riga ya yi tsawo."

"Me ya yi tsawo?"

"Gabar. Ban san ta inda ake warware ta ba."

"Ji min tsohon banza! Da 'yi haƙuri' ake warware ta! Kalma biyu! Yaran goye ma sun iya!"

"To ke me ya hana ki magana?"

"Alkawari na yi mata!"

"To ni ma alkawarin na yi wa kaina!"

"Kai da kanka ɗin ku tafi can!"

Ni kam abin duniya ya ishe ni. Na buga tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Ya isa! Ya isa haka!"

Suka juyo.

"Ku dube ku don Allah. Mama ta yi ƙarya don kar Baba ya ji kunya. Baba ya yi ƙarya don kar Mama ta ji kunya. Gwaggo ta yi shiru don kar kowa ya ji kunya. Ni kuma na tashi a gidan da ba a gaida maƙwabciya, na yi shekara biyu ina ɓoye Murdo kamar kayan sata, na zauna da takarda ina lissafin yadda zan raba teburinku a wajen biki kar ku jefi juna da dankali. A kan me? A kan safa! Safa, jama'a!"

"Rage murya," in ji Baba. "Kina tsorata kare."

"Kare ya ci kansa!"

"Kirsteen."

"Baba, na roƙe ka da girman Allah. Asiri ya tonu, kowa ya huta. Miƙo ƙafa ta auna. Ta saƙa, in saya, ka sa, ka kai ni coci. Shi ke nan abin da na roƙa a duniya."

"Na ba ki zare."

"Ta ce ba naka ba ne."

"Nawa ne. Ta saƙa a kan zaren."

Gwaggo Dolina ta zaro zaren daga aljihun rigarta. Ta sake yin zoben nan, ta ɗaga shi tsakaninta da shi.

Faɗan ya bar muryarta. Ni hakan ya fi ba ni tsoro.

"Torquil, shekara da shekaru Ishbel na kawo min zarenka. Bai taɓa ƙaruwa ba, bai taɓa raguwa ba. Ƙafarka kamar ta zalɓe take tun kana saurayi. Wannan kuma fa?"

"Ƙiba na yi."

"Ƙiba."

"Tsufa ne. Mutum na buɗewa."

"Wuyanka kamar na figaggiyar kaza, rigar nan kamar a jikin ƙusa aka rataye ta, sai ƙafa ce kaɗai ta samu abinci?"

"Ba ruwanki."

"Ɗaga wandon."

"Ba zan ɗaga ba."

"Ɗaga, na ce."

"Kirsteen, raka ta. Na fasa safar. Na fasa kilt ɗin. Wando zan sa."

Na tsaya ina kallonsa.

Mutumin da ya ce gara a fasa aure da ya sa wando.

Sai a lokacin na kalli ƙasa da kyau. Ƙafarsa ta dama na cikin takalminsa na gida. Ta hagu kuwa ya tura ta can ƙarƙashin kujera, bayan kare. Takalmin hagun an tsaga shi da wuƙa daga sama har baki.

"Baba, wa ya yanka maka takalmi?"

"Ya tsufa ne."

"Ni na saya maka shi bana."



Na durƙusa. Na ture karen gefe.

"Kirsteen."

Na kama bakin wandon.

"Kirsteen, 'yata. Kar ki."

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu da irin wannan muryar ba.

Na ɗaga.

Warin ne ya fara dukana.

Bandeji ne tun daga idon sawu har kusa da gwiwa, an naɗa shi a karkace, naɗin mutumin da yake yi wa kansa. Ruwa ya ɓullo ta jikinsa, rawaya-rawaya. Inda bandejin bai rufe ba fatar ta kumbura tana ƙyalli. Yatsun kuwa ba zan iya faɗa muku launinsu ba. Ba launin jikin mai rai ba ne.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Gwaggo Dolina ta zo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Haka ta Hector ta yi," ta ce a hankali. Hector mijinta ne, ya rasu tun kafin Mama. "Ciwon suga ne?"

Baba ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Ƙusa na taka a garke. Lokacin haihuwar tumaki."

"Lokacin haihuwar tumaki?" Na ji muryata ta tsage. "Baba, muna gida ɗaya! Ni nake dafa maka abinci! Tun bazara kake yawo da wannan ban sani ba?"

"Kina da hidimar biki."

"Bikin me? Bikin banza! Tashi mu tafi asibiti. Yanzu. Gwaggo, kama min shi."

"Na je."

"Ka je ina?"

"Inverness. Ranar da na ce miki zan kai raguna kasuwa."

"Ka ga likita?"

"Na gan shi."

"Me ya ce?"

Ya sa hannu yana shafa kan karensa.

"Baba, me ya ce?"

"Yaro ne. Surutu gare shi."

"Torquil," in ji Gwaggo, "amsa mata."

"Ya ce in kwanta a ranar. Har gado sun ba ni."

"Shi ne ka taho?"

"Na ce masa ina da 'ya ɗaya tak, kuma ba a keken guragu zan kai ta gaban fasto ba. Na ce ya jira Asabar ta wuce."

"Ya jira ya yi me?"

Bai kalle ni ba.

"Baba, ya jira ya yi me?"

Ya jawo ƙafar daga ƙarƙashin kujera da hannu biyu, yana cije leɓe. Ya ɗora ta a kan ɗan benci, a gaban Gwaggo Dolina.

"Auna, Dolina. Ki yi ta da kauri, ta rufe bandejin, kar kowa ya gani. Guda biyu nake so ranar Asabar."

Ta zare tef ɗin daga wuyanta. 

"Bayan Asabar fa?"

Baba ya ɗago ya kalle ni.

"Bayan Asabar, ɗaya ma ta ishe ni."